Yadda Zaka Daidaita Ƙarfin Bindigar Airsoft Mai Gas, Mataki Bayan Mataki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar yadda ake daidaita ƙarfin bindigar airsoft mai gas ta yi yawa, musamman daga 'yan uwanmu dake Ingila, irin su Manchester da Birmingham da Landan, waɗanda suka fara zuwa filin airsoft (wasan harbe-harbe da bindigogi masu harba ƙananan ƙwallayen roba) ƙarshen mako, mutum ya tara kuɗi ya sayi bindiga mai gas irin wadda take ja da baya idan an harba, yaje fili aka ɗora ta kan na'urar awo aka ce masa malam wannan ta wuce iyaka ba zata shiga wasa ba. Wasu kuma nasu akasin haka ne, sanyi ya shigo bindiga ta zama kamar mai jin barci, BB, wato ɗan ƙwallon robar da take harbawa, baya kai mita 30. Duk maganar ɗaya ce, kuma ga yadda ake yi daga farko har ƙarshe. Dan Allah kar a tsallake mataki, domin yawancin nozil ɗin da ake fasawa (ɗan bakin dake hura gas a bayan BB) da kuɗin da ake ɓarnatarwa daga tsallaken ne.

1. Ka fara sanin lambar da kake nema

Kafin ka ɗauki alanki (makullin sukuru mai kusurwa shida) ka buɗe shafin filin da kake zuwa ka duba iyakarsu. A Ingila yawancin filaye suna tsayawa ne a 350 fps (ƙafa nawa BB yake gudu a daƙiƙa) da BB mai nauyin 0.20g ga bindigar dake iya ruwan harsashi, wato jul 1.14 kenan, shi jul ma'aunin ƙarfin da BB yake fita dashi ne. Mai harbi ɗaya-ɗaya da aka kulle ana barinta ta kai wajen 400 zuwa 450 gwargwadon fili, ta maharba kuma wadda ake ɗanawa da hannu 500 fps, kusan jul 2.32, amma su waɗannan biyun akwai tazarar da ba a yarda ka harbi mutum ƙasa da ita ba, sau da yawa mita 30 ga ta maharba. Filayen cikin gini sukan sauko ƙasa da 350 ma.

Ita doka kuma daban take da ƙa'idar fili. Dokar 2017 ta Ingila ta ce iyaka ita ce jul 1.3 ga wadda take iya ruwan harsashi, jul 2.5 ga mai harbi ɗaya-ɗaya. A Ireland jul 1 ne, a Japan 0.98, shi yasa bindigogin Tokyo Marui suke fitowa daga kamfani da ƙarfi kaɗan.

Gargaɗi: idan bindigarka tana da maɓallin ruwan harsashi kuma ta haura jul 1.3, magana ta bar hannun alƙalin fili, doka na iya ɗaukarta a matsayin haramtaccen makami. Kuma cewa "ai ɗaya-ɗaya nake harbawa" ba hujja bace, in dai bindigar tana iyawa to tana iyawa. Mai zaman biza ko ɗalibi ya kamata ya fi kowa kiyaye wannan.

2. Kayan aiki da kuɗinsu

Na farko na'urar awon gudu, wadda 'yan wasa ke cewa kirono. Acetech da Xcortech su aka fi gani, kuma zaka samu mai kyau tsakanin fam 50 zuwa 80 haka. Nasan kuɗi ne, amma gaskiya in baka da ita ko baka da abokin da zai ara maka to ka ajiye aikin nan gaba ɗaya, saboda kunne baya auna ƙarfin bindiga, haka ma harbin gwangwanin lemo da wasu suke yi. Bindiga mai ƙara da girgiza kafaɗa tana iya zama jul 0.9, wata mai laushin murya tana jul 1.4.

Sai tabarau na kare ido mai shaidar EN166 B ko ANSI Z87.1+, BB masu kyau na 0.20g da kuma nauyin da kake wasa dashi na ainihi, gwangwanin gas (wajen fam 10 zuwa 15), man silikon, ƙananan alanki, abin tura fil da ƙaramar guduma, farin tawul ko tire da zaka shimfiɗa saboda ƙananan sifirin, da biro da takarda. Idan aikin zai kai ga nozil sai bawul mai daidaituwa da ake kira NPAS, shi kaɗai yakan kama fam 15 zuwa 30, cikakken nozil dake ɗauke dashi yafi haka tsada. Amma kar ka saye shi tukuna, bari mu kai mataki na 6 ka gani ko kana buƙata.

Gargaɗi: WD-40 da man keke da man inji duk kar su kusanci bindigar. Suna cinye zoben roba da robar hop (robar dake sa BB juyawa don ya yi nisa a miƙe). Silikon kaɗai.

3. Awon farko, kafin ka kwance komai

Sa tabarau. A ɗaki ne ko a gareji, sa tabarau, BB yana dawowa daga bango. Ka samu kwali ka cusa tsoffin tsummoki ya zama wurin da harsashin zai faɗa.

Cika magazin (gidan BB da gas): ka kifa shi bawul ɗin cikawa na kallon sama, ka kifa gwangwanin a kansa a miƙe, ka danna har sai ya fara tofo gas waje. Daga nan ka ajiye shi minti 10 zuwa 15. Wannan jiran mutane da yawa basa yi, kuma shi ne yake ɓata musu lissafi, domin magazin da aka cika yanzu yana da sanyi, matsin cikinsa ƙasa yake, sai ka ga 320 ka yi murna, kaje fili ya ɗumama a aljihun rigarka ya baka 360.

Ka saita hop ɗinka yadda kake wasa dashi, ka shigar da nauyin BB cikin kirono, sannan ka yi harbi 10 kana barin daƙiƙa 4 ko 5 tsakaninsu. Rubuta duka goman, ka rubuta zafin ɗakin, ka rubuta wane gas ne da wane magazin. Lambar da zaka riƙe ita ce mafi girma, ba matsakaiciya ba, don alƙalin fili ma ita zai kalla, kuma yawanci harbin farko ko na biyu ne yake kawota. In kana da magazin huɗu ka gwada huɗun, zaka sha mamakin yadda suke bambanta, wani yakan fi wani da 10 ko 15 fps. Wanda yafi ƙarfi ka manna masa salatif, dashi zaka riƙa yin duk sauran awon.

Ga wanda kirononsa bata nuna jul: ka ninka fps da 0.3048 ya zama mita a daƙiƙa, ka ninka wannan da kansa, ka ninka da nauyin BB a kilo (0.20g shi ne 0.0002), ka raba biyu. 328 fps da 0.20g kusan jul 1 ne cif.

4. Gyara lafiyar bindigar tukuna

Idan harbi goman nan suna tsalle, wannan 340 na gaba 290 na gaba 335, to matsalarka ba ta saiti bace, akwai inda gas yake zurarewa ko datti. Bindiga mai lafiya bai kamata ta riƙa bambanta da fiye da 10 zuwa 15 fps ba in kana harbi a hankali, kuma saukar tata a jere take yi yayin da magazin ke sanyi.

Kara magazin a kunne ka ji ko yana tsiyaya. Duba robar saman magazin inda take haɗuwa da nozil ko ta tsage ko ta lotsa. Goge cikin bututu da sandar goge-goge da ɗan tsumma har ya fito fari. Duba robar hop, in ta jiƙe da mai ka wanke ta ka shanya, shi green gas, gas ɗin da aka fi amfani dashi, yana ɗauke da silikon a cikinsa kuma a hankali yake taruwa a wurin. Ka ɗiga silikon kaɗan a zoben robar bayan nozil. Sai ka sake awo. Sau tari wanda yake kukan rashin ƙarfi a nan matsalarsa take ƙarewa bai kashe ko fam ɗaya ba.

5. Canja gas, hanya mafi sauƙi

Ƙarfin bindigar gas daga matsin gas ɗin yake fitowa, shi kuma matsin yana bin zafin gari. Green gas ɗin da kowa ke amfani dashi furofen ne da ɗan silikon, a zafin ɗaki wajen digiri 20 matsinsa yana kusa da psi 110 (psi ma'aunin matsi ne), idan rana ta buɗe sosai ya haura, idan aka sauko ƙasa da digiri 10 sai ya faɗi har bolt, ƙarfen nan dake ja da baya idan an harba, ya kasa komawa baya sosai. HFC 134a, wanda 'yan Japan suka gina bindigoginsu a kansa, yafi shi rauni sosai. Sama da green kuma akwai ja da baƙi, kamfanin Nuprol ma lamba ya basu daga 1.0 zuwa 4.0, ƙarfi na hawa da lambar.

To in ka wuce iyaka da kaɗan kuma lokacin zafi ne, sauko mataki ɗaya na gas ka sake awo. In hunturu ne bindiga ta mutu, hau mataki ɗaya ka sake awo. Kafin ka canja ka fitar da tsohon gas ɗin daga magazin a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da sigari, don abu ne mai kamawa.

Gargaɗi: jan gas ko baƙi na sanyi ne. Wanda ya manta dashi a magazin har watan Yuni zai haura iyaka kuma zai iya fasa nozil, musamman na roba irin na Marui. Magazin na CO2 ma haka, ƙaramar kwalbar 12g ɗin nan matsinta ya haura psi 800, in ba a gina bindigarka don ita ba kar ka gwada. Sannan kar ka ɗumama magazin da hita ko na'urar busar da gashi ko ka barshi a gaban mota cikin rana, ɗumin aljihu ya isa.

Ni a ganina wanda yake wasa sau ɗaya a wata zai iya tsayawa a nan, gwangwani biyu, na rani da na hunturu, shikenan. Wanda kuma bindigarsa take bada 400 da green gas tun daga kwali, kamar yadda wasu na kamfanonin WE da GHK da VFC masu dogon bututu suke yi, dole sai ya shiga ciki.

6. Saka bawul mai daidaituwa

A cikin nozil akwai wani ɗan ƙaramin bawul mai sifirin a gabansa. Idan ka ja kunama gas ya taso daga magazin, ta wannan bawul ɗin yake fara bi ya tura BB, sai bawul ɗin ya rufe ragowar gas ɗin ya tura bolt baya. NPAS, wanda kamfanin RA-Tech na Taiwan ya yi suna dashi, wannan bawul ɗin ne aka yi masa sukuru yadda zaka iya rage ko ƙara gas ɗin da yake zuwa wa BB, kamar dai yadda kake murɗa kan famfo. Abin daɗin shi ne baya kashe maka girgizar bindigar sosai, ƙarfin harsashin yake taɓawa.

Kafin ka saya ka leƙa bakin nozil ɗinka da tocilan, wasu sababbin bindigogin da shi suke zuwa. In babu, ka sayi wanda aka rubuta sunan bindigarka da samfurinta a jiki, na WE baya shiga GHK, na GHK baya shiga Marui MWS, har a kamfani ɗaya ma tsohon samfuri da sabo sukan bambanta.

Yadda ake yi a irin M4 (mai kama da bindigar sojan Amurka):

Cire magazin. Ja hannun ɗanawa sau biyu ko uku kana karkata bindigar don BB ɗin da ya maƙale a ciki ya faɗo, sannan ka leƙa ka tabbatar. Tura fil na baya ka buɗe bindigar biyu, ka zaro hannun ɗanawa da bolt tare. Ɗauki hoto da waya yanzu, kuma ka riƙa ɗauka duk lokacin da ka cire wani abu. Nozil yana riƙe ne da fil ko sukuru ko ɗan ƙarfe mai tare shi gwargwadon kamfani, akwai kuma sifirin dake mayar dashi mazauninsa, shi wannan sifirin ɗin a hankali zaka cire shi, in ka ja shi ya miƙe nozil bazai riƙa komawa daidai ba kuma zaka fara ganin BB biyu suna fita tare ko bindiga tana cijewa. Idan nozil ya fito zaka ga ɗan fil a kwance da ya tare bawul ɗin ta baya, tura shi waje kan tawul, ka sa yatsa ka tare don kar sifirin ya yi tsalle, ka zazzage tsohon bawul. Saka sabon yana fuskantar inda tsohon yake fuskanta, sifirin a gaba, mayar da matarin da fil ɗinsa. Ka tura bawul ɗin da tsinke ka ga yana tafiya yana dawowa ba tare da ya maƙale ba. Ɗan silikon a zoben roba, ka mayar da komai kana bin hotunanka daga ƙarshe zuwa farko.

Gargaɗi: in abu ya ƙi shiga kar ka sa ƙarfi, a juye yake. Kuma tsohon bawul ɗin ka ajiye shi a leda, ranar da zaka sayar da bindigar ko sabon ya lalace zaka neme shi. Ka sani kuma shago da yawa suna janye garanti in ka buɗe nozil, in bindigar sabuwa ce ka tambaye su tukuna, wasu ma su zasu saka maka da ɗan kuɗin aiki.

7. Murɗa da awo

Nan ne haƙuri yake aiki. Yawancin NPAS ta bakin nozil ake murɗa su da siririn alanki ko ɗan makullin da yazo dasu, wasu sai ka zaro bolt, wasu kana iya kaiwa in ka kulle bolt a baya. Ɓangaren da ake murɗawa don ragewa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ka yi awo da farko yadda yazo, ka murɗa kwata ɗaya na zagaye, ka sake harbi 5, ka ga ina lambar ta nufa, ka rubuta a takarda "dama ragewa" ko "dama ƙarawa" don gaba.

Kwata-kwata zaka riƙa tafiya. Akwai wurin da murɗawa bata canja komai sai kuma ka iso wani wurin da kwata ɗaya zai sauke maka 30 fps, shi yasa masu murɗa zagaye biyu lokaci guda suke wuni suna kai da kawo. Duk bayan zagaye biyu ko uku na gwaji ka ƙara wa magazin gas ka barshi ya huta, in ba haka ba zaka ɗauka saitinka ne yake sauke lamba alhali sanyin magazin ne.

Kar ka saita a kan iyaka cif. In fili ya ce 350 ka nemi 330 zuwa 335 a matsayin harbinka mafi ƙarfi, a ɗaki mai ɗumi. Wannan 15 ɗin da ka bari wallahi ba zaka ji rashinsu a fili ba, nisan harbi daga hop mai kyau da BB mai nauyi yake zuwa, amma su ne zasu cece ka ranar da rana ta fito ko kirononsu ta ɗan bambanta da taka.

Gargaɗi: kar ka rufe bawul ɗin ƙurmus, BB zai tsaya a cikin bututu na bayansa ya same shi. Kar kuma ka kwance shi har ƙarshe sukurun ya fita ya faɗa ciki. In ka lura saitin yana gocewa da kansa saboda girgiza, ɗan farin tef na masu gyaran famfo a zaren sukurun yana riƙewa. Masu sa gam ɗin kulle sukuru su yi hattara ya tsaya kan ƙarfe kawai, yana tsattsaga roba.

8. Sake awo da BB ɗin da kake wasa dashi

Wannan matakin shi yafi muhimmanci a bindigar gas kuma shi aka fi tsallakewa. BB mai nauyi yana daɗewa a cikin bututu, gas yana ci gaba da tura shi, sai ya fito da ƙarfin da yafi na 0.20g. Wato kana iya wucewa lafiya da 0.20g a jul 1.1, ka zuba 0.30g ka koma jul 1.3 ko fiye baka sani ba, kana ta harbin mutane da abin da ya wuce ƙa'ida. Filaye da yawa yanzu sun gane, da nauyin da kake wasa dashi suke aunawa.

Iyakar jul 1.14 tana nufin kusan 313 fps da 0.25g, 296 da 0.28g, 286 da 0.30g. Ka zuba naka, ka daidaita hop har BB ya riƙa tafiya a miƙe, ka auna, in ya haura ka koma mataki na 7 ka rage. Duk ranar da ka canja nauyin BB ko robar hop ka sake wannan awon. Ɗan uwa mutumin da ke gabanka a fili ya yarda ne a harbe shi da ƙarfin da aka yi alkawari, haƙori da ido kuma ba a sayar dasu a shagon airsoft.

9. Idan har yanzu bata kai ba: bututun ciki

A bindigar gas dogon bututu yana ƙara ƙarfi, gajere yana ragewa, haka matsattse mai faɗin milimita 6.01 ko 6.03 yakan ɗan ƙara akan na kamfani. In NPAS ya kai ƙarshensa ko babu na bindigarka a kasuwa, gajeren bututu zai sauke ta. Amma wannan kuɗi ne kuma sai ka kwance ɗakin hop, don haka shi ne na ƙarshe. Abu ɗaya zaka riƙa canjawa a lokaci guda sannan ka auna, in ka canja bututu da roba da gas rana ɗaya ba zaka taɓa sanin wanne ya yi me ba.

10. Masu tankin iska

In taka mai tiyo ce da tanki a baya irin injin PolarStar ko Wolverine, aikinka yafi sauƙi, a regileta, abin daidaita matsin iskar tankin, kake murɗawa. Fara daga ƙasa wajen psi 80, ka riƙa hawa da 5 kana awo. In zaka rage, ka murɗa sannan ka yi harbi biyu ko uku babu BB don iskar da ta rage a tiyo ta fita, in ba haka ba agogon zai nuna maka tsohon matsi. Kar ka wuce iyakar da kamfanin injin ya rubuta. Filaye suna sa a ɗaure regileta da makulli bayan awo, kuma ka duba kwanan gwajin dake jikin tankin ko ya ƙare kafin ka kai a cika maka.

11. Ranar wasa

Ka isa da wuri kaje layin awo da magazin ɗin nan mai salatif, cike da gas ɗin da zaka yi wasa dashi da BB ɗinka na ainihi, ka faɗa wa alƙali nauyin gaskiya. Alankinka ya kasance a jaka don in aka ce ka rage ka rage nan take, amma bayan an ɗaura maka alama kar ka sake taɓa sukurun, ana binciken ba-zata a tsakiyar wasa kuma wanda aka kama korarsa ake yi. In safiya ta yi sanyi rana ta buɗe da azahar ka koma da kanka ka ce a sake auna maka.

A hanya bindiga tana cikin jaka a rufe, magazin a cire, ko a mota ko a jirgin ƙasa. Masu tambaya ko zasu iya tafiya da ita gida hutu, shawarata a'a: gwangwanin gas baya hawa jirgin sama, sannan abin da yake kama da M4 sak a hannunka a hanyar Kaduna ko Kano babu jami'in da zai tsaya tambayarka jul nawa take bayarwa. Ka barta inda filinta yake.

In kun tashi ka cire BB daga magazin don sifirinsa ya huta, amma ka bar ɗan gas kaɗan a ciki, shi yake riƙe zoben roba kar ya bushe ya fara tsiyaya kafin wasa na gaba, ka ajiye su wuri mai sanyi nesa da hita da hannun yara.